Tarihin Marigayi Malam Aminu Kano da Takarar Shugabancin Ƙasa ta 1979

Duk lokacin da kakar zaɓen shugaban ƙasa ta kama, muhawarar da ake tafkawa a kasuwannin ƙauye da tashoshin mota da majalisun ƙofar gida ba ta cika wuce abubuwa huɗu ba. Magoya bayan kowane ɗan takara kan tsaya kai da fata cewa nasu ya fi gogewa a aikin mulki, ya fi kishin ƙasa, ya fi sanin yadda za a yi da yaƙi da tsaron rayuka, kuma shi ne zai riƙe baitulmali bisa amana. Abokan hamayya kuwa sai su ɗauki waɗannan ma'aunai huɗu su auna shi, su ce bai cika mudu ba. Wannan muhawara ta girmi yawancin masu jefa ƙuri'a na yau, domin da irinta aka shiga zaɓen 1979, lokacin da manyan mutane biyar suka nemi kujerar shugaban ƙasa mai cikakken iko, karo na farko a tarihin Nijeriya. A wannan shafi mun kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wato marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya zo na huɗu a wancan zaɓe, amma har yau da sunansa ake buga misali idan ana zancen riƙon dukiyar jama'a.

Asali da karatu

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na zuriyar Gyanawa, waɗanda aka san su da ilimin shari'a da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuwa ita ta fara ɗora shi a kan karatun allo kafin Allah Ya yi mata rasuwa yana ƙaramin yaro. Ya yi makarantar elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A 1942 ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi.

Zaman Bauchi shi ya buɗe masa ƙofar siyasa. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami mai kaifin harshe da alƙalami, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Su da wasu 'yan boko suka riƙa shirya zaman tattaunawa a kan yadda En'e ke tafiyar da mulki, abin da ba a saba ji a bainar jama'a ba a wancan zamani. A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan. Bayan dawowarsa ya kasance jigo wajen kafa ƙungiyar malaman makarantu ta Arewa, sannan aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda take cikin Jihar Zamfara a yau. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya bar albashi da fansho da ke jiransa, ya koma Kano domin ya shiga siyasa gadan-gadan.

Zamanin NEPU da batun haraji

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu ya shige ta bayan ya bar aiki, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Domin mai karatu na yau ya gane abin da jam'iyyar ta tashi yi, ya kamata mu tuna yadda kuɗin hukuma ke taruwa a lokacin.

Kowace shekara masu unguwanni da dagatai kan ƙidaya magidanta da samarin da suka isa biya, a yanka musu haraji. Makiyayi kuma a ƙidaya masa shanu a karɓi jangali a kan kowace saniya. Kuɗin kan bi ta hannun dagaci zuwa hakimi, daga nan zuwa baitulmalin En'e. Wanda damina ta ƙi masa ba ya tsira saboda haka. Ko dai ya sayar da akuya ko hatsin da iyalinsa za su ci, ko ya ci bashi, ko kuwa ya tsere daga garin. Har ila yau, En'en da ke karɓar harajin ita ke da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari. Saboda haka talakan da aka zalunta wajen karɓar haraji ba shi da inda zai kai kuka sai hannun waɗanda suka karɓa. Abin da NEPU ta nema shi ne a raba waɗannan iko, a bar talaka ya zaɓi wakilansa kai tsaye, a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a da ilimi, a kuma bayyana wa jama'a inda harajinsu ke tafiya.

A nan ne aka fara ɗora Malam Aminu a kan ma'aunin kishin ƙasa. Jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ta zargi 'yan NEPU da raina sarakuna da rusa al'ada, kuma da jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, sai aka ƙara da cewa sun zama 'yan koren mutanen Kudu, masu sayar da Arewa. Shi kuwa Malam, da yake ɗan gidan shari'a ne, daga cikin addini da rubuce-rubucen shugabannin jihadi yake ɗauko hujjojinsa, yana nuna cewa adalci ga talaka shi ne tushen daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa. Masu nazari sun san cewa Shehu da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya ambaci jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu. Wannan jayayya ba ta tsaya a fatar baki ba. An ɗaure magoya bayan NEPU masu yawa, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, kuma Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri sau da dama.

A fagen zaɓe ma hanyar ba ta yi sauƙi ba. A 1951 NEPU ta taka rawar gani a matakin farko na zaɓe a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, ba ta sami ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna ba. A 1954 Malam Aminu ya sha kaye a hannun Alhaji Maitama Sule a takarar majalisar tarayya, a 1956 kuma bai sami shiga majalisar Arewa ba. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko, inda ya zama mataimakin bulaliyar ɓangaren gwamnati, ya kuma shiga tawagogin da suka wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A zaɓen 1964 ya rasa wannan kujera.

Shekarun yaƙin basasa

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya ci rayukan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, manyan abokan hamayyar Malam Aminu a siyasa. Daga nan ƙasa ta shiga ruɗani. An sake juyin mulki a watan Yuli, an yi kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, dubban iyalai suka tsere zuwa Gabas. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, ciki har da Jihar Kano. Bayan kwana uku Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, kuma ranar 6 ga Yuli yaƙi ya ɓarke.

Da Gowon ya tashi neman farar hula da za su taya shi riƙe ƙasa, sai ga shi ya kira mutanen da aka daɗe ana yi wa kallon 'yan tayar da zaune tsaye a Jamhuriya ta Farko. Cif Obafemi Awolowo, wanda ya fito daga kurkuku a 1966, ya zama kwamishinan kuɗi kuma mataimakin shugaban majalisar zartarwa. Cif Anthony Enahoro ya riƙe watsa labarai, Joseph Tarka ya riƙe sufuri, Malam Aminu kuma aka ba shi sadarwa. Mutumin da aka shekara goma sha biyar ana cewa ba ya kishin Arewa, shi ne yanzu ya zama ɗaya daga cikin muryoyin Arewa a majalisar da ke tafiyar da yaƙin haɗa kan ƙasa.

A waɗannan shekaru ya jagoranci kwamitin sayo kayan yaƙi, aikin da ya sa ya yi tafiye-tafiye ƙasashen waje, kuma kuɗi masu yawa suka bi ta ƙarƙashin sa hannunsa. Haka kuma yana cikin tawagar gwamnatin tarayya da ta zauna da wakilan Biyafara a Kampala, babban birnin Uganda, a watan Mayu na 1968, domin neman sulhu, ko da yake zaman ya watse ba tare da an daidaita ba. Yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, bayan ya ci rayukan ɗaruruwan dubban mutane, wasu ƙiyasai ma sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu yara da mata da yunwa ta kashe a yankin da aka killace. A 1971 aka mayar da Malam Aminu ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974.

Wani abin lura ga ma'aikatan ƙananan hukumomi shi ne, a cikin wannan zamani na mulkin soja ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya haifar da ƙananan hukumomi irin waɗanda muka sani. Da yawa daga cikin abubuwan da aka ɗaure 'yan NEPU saboda nemansu, ta wannan hanya suka zama doka.

Mutum biyar, kujera ɗaya

A watan Satumba na 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa. Malam Aminu, wanda ya zauna a majalisar da ta duba sabon tsarin mulki, ya fara tafiya tare da ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN, amma bai daɗe ba ya raba gari da ita, shi da tsofaffin 'yan NEPU da matasa masu ra'ayin kawo sauyi suka kafa PRP, mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista. NPN ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari, UPN ta tsayar da Awolowo, NPP ta tsayar da Azikiwe, GNPP ta tsayar da Alhaji Waziri Ibrahim, PRP kuma ta tsayar da Malam Aminu tare da Samuel Ikoku a matsayin mataimaki. A wannan zaɓe ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, abin da Malam ya yi kusan shekara talatin yana nema.

Ta fuskar gogewa, kowane ɓangare na da abin tinƙaho. Mutanen Awolowo na nuna cewa ya yi Firimiyan Jihar Yamma, inda ya fara ilimin firamare kyauta a 1955, sannan ya riƙe kuɗin ƙasa a lokacin yaƙi. Mutanen Azikiwe na tunatar da cewa shi ne shugaban ƙasa na farko kuma jagoran neman 'yanci, yayin da abokan hamayya ke cewa shugabancin nasa na ado ne, ga kuma shekaru 74 a kansa. Mutanen Shagari na lissafa ma'aikatun da ya riƙe tun zamanin Tafawa Ɓalewa, har zuwa ma'aikatar kuɗi da ya gada daga Awolowo a 1971. Waziri Ibrahim tsohon minista ne kuma hamshaƙin ɗan kasuwa, mai kiran a yi siyasa ba da gaba ba. Abin da ake soki Malam Aminu da shi shi ne bai taɓa shugabantar gwamnati ba, ko ta jiha ko ta ƙasa, kuma wai ya fi ƙwarewa a suka fiye da gini. Magoya bayansa kan amsa da shekara bakwai da ya yi a majalisar zartarwa ta tarayya, su ƙara da cewa a cikin mutum biyar ɗin babu wanda ya kai shi sanin halin da mai biyan haraji ke ciki a ƙauye, domin a can ya yi rabin rayuwarsa.

Ta fuskar kishin ƙasa kuwa, inuwar yaƙin basasa ba ta gama janyewa ba, tunda shekara tara kacal aka yi da gama shi. A Gabas, mutane da yawa ba su yafe wa Awolowo canjin takardun kuɗi na 1968 ba, wanda ya mayar da kuɗin da ke hannun Biyafara takardar banza, haka kuma suna ɗora masa alhakin killacewar da ta jawo yunwa da fam ashirin ɗin da aka bai wa masu ajiya a banki bayan yaƙi. Magoya bayansa kuma na alfahari cewa ya ɗauki nauyin yaƙin ba tare da ciwo bashi daga waje ba. Azikiwe ana tuna masa cewa ya yi wa Biyafara jakadanci kafin ya dawo ɓangaren tarayya a 1969. NPN ta gabatar da kanta a matsayin jam'iyyar ƙasa baki ɗaya, tana kiran sauran jam'iyyun ƙabila ko na yanki, su kuma suna ce mata tsohuwar NPC ce ta sake riga. Malam Aminu ba a iya zarginsa da goyon bayan raba ƙasa ba, ba a kuma iya cewa ya yi arziki da yaƙi ba. Zargin da ya rage shi ne tsohon nan na zamanin NEPU, wato yana raba kan Arewa da tunzura talaka a kan shugabanninsa.

Batun kuɗin gwamnati shi ya fi ɗaukar zafi, domin kuɗin man fetur ya shigo, kowa na da shirin yadda za a kashe shi. UPN ta yi alkawarin ilimi kyauta da magani kyauta da raya karkara da aikin yi ga kowa, abokan hamayya suna tambaya daga ina kuɗin zai fito. NPN ta sa abinci da gidaje a gaba, shi ya sa alamarta ta kasance gida da masara. PRP ta ɗauko maganar daga ɗaya gefen. Kafin a yi gardamar abin da gwamnati za ta ba talaka, ita ta fara da abin da gwamnati ke karɓa daga hannunsa, ta yi alkawarin soke haraji da jangali, tare da neman gwamnati ta riƙe manyan ginshiƙan tattalin arziki domin amfanin jama'a. Masu suka sun kira wannan gurguzu, suka ce zai bar ƙananan hukumomi ba kuɗin shiga.

Ana cikin haka sai maganar haraji ta juyo kan Malam da kansa. Doka ta wajabta wa kowane ɗan takara ya nuna shaidar biyan harajinsa na shekarun baya, FEDECO kuwa ta ƙi amincewa da takardun Malam Aminu da na Azikiwe. Abokan hamayya sun sami abin faɗa, cewa mai son riƙe baitulmali bai sauke nasa nauyin ba. Sai da aka je kotu ta wanke su duka biyu, sannan sunayensu suka shiga takardar zaɓe, bayan shari'ar ta cinye wa Malam wani ɓangare na lokacin yawon neman ƙuri'a.

Sakamakon zaɓe da lissafin Kano

An jefa ƙuri'a ranar 11 ga Agusta, 1979, kwana biyu bayan Malam Aminu ya cika shekara 59. Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Awolowo 4,916,651, Azikiwe 2,822,523, Malam Aminu 1,732,113, Waziri Ibrahim kuma 1,686,489. Fiye da rabin ƙuri'un Malam daga tsohuwar Jihar Kano suka fito, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, inda ya sami sama da kashi 76 cikin ɗari.

Wannan rinjaye na Kano shi ya jawo shari'ar da ta fi kowace shahara a tarihin zaɓen Nijeriya. Doka ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya kai ƙara yana cewa ana bukatar jihohi 13 cur. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, saboda haka a jiha ta goma sha uku abin da ake nema shi ne rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta, kuma Shagari ya haura wannan a Kano. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta amince da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran, kuma ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da sabon shugaba.

Soke haraji da rabuwar PRP

Ko da yake PRP ba ta kai ga shugabancin ƙasa ba, ta ci gwamnonin jihohi biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau. Ta kuma sami kujeru 7 a Majalisar Dattawa da 49 a Majalisar Wakilai. Da hawansu mulki, gwamnonin biyu suka yi shelar soke haraji da jangali. Dattawan karkara da suka ga wannan rana ba su mance ta ba, domin a ranar ce magidanci ya daina fargabar ganin ɗan saƙon dagaci a ƙofar gidansa bayan kaka. Gaskiya ne kuma cewa gardamar ba ta mutu ba, domin akwai masu ganin cewa dogaron ƙananan hukumomi a kan kason da ke zuwa daga asusun tarayya ya rage wa talaka ƙarfin tambayar inda kuɗi ke tafiya, tunda ba daga aljihunsa yake ganin sun fita ba. Wannan tambaya ce da ta cancanci shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli su riƙa yi wa kansu.

Ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu. Gwamnonin PRP sun riƙa halartar taron gwamnonin hamayya tare da na UPN da GNPP, shugabancin jam'iyya ya hana, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnoni, wanda tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu ya jagoranta, aka kira shi Santsi. Ɓangaren Malam kuma Taɓo. 'Yan Santsi sun zargi Malam da sassauta wa NPN, 'yan Taɓo kuma sun zargi gwamnonin da butulci da son kai jam'iyyar hannun Awolowo. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam. A watan Yuni na 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Wannan rabuwa ita ce babbar jarrabawar da Malam ya fuskanta a ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau almajiransa ba su daidaita a kan wanda ke da gaskiya ba.

A daidai wannan lokaci farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuma a 1982 gwamnatin tarayya ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu. Alkawuran da jam'iyyu suka gina a kan kuɗin mai suka fara gagara, albashin malamai da ma'aikata ya riƙa makalewa a jihohi da dama, ba tare da bambancin jam'iyyar da ke mulki ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

PRP ta sake tsayar da Malam Aminu takarar 1983, kuma a wannan karo ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya. Allah bai nufe shi da ganin zaɓen ba. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa da ke Gwammaja, yana da shekara 62, kuma ɗimbin jama'a daga birni da ƙauye suka halarci jana'izarsa. Alhaji Hassan Yusuf ne ya maye gurbinsa a takarar. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekara soja suka kawo ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, suna kafa hujja da almubazzaranci da cin hanci.

A yau filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa na Kano da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa, gidansa na Mambayya kuma ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Wanda ya ziyarci gidan zai ga ɗakunan da ya zauna a ciki, ya kwatanta su da muƙaman da ya riƙe da kuɗin da suka bi ta hannunsa a lokacin yaƙi. Gani ya kori ji.

Ba mu kawo wannan tarihi domin mu ce Malam Aminu ya fi sauran mutum huɗun cancanta ba. Masu zaɓe na 1979 sun yanke nasu hukunci, kuma kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin ya yi wa ƙasar nan hidima gwargwadon ikonsa. Abin da tarihinsa ke nuna mana shi ne, uku daga cikin ma'aunan nan huɗu suna canzawa da bakin mai magana. An ce ba shi da kishi a 1954, aka kira shi ya taya riƙe ƙasa a 1967. An ce ba shi da gogewa a 1979, alhali ya shekara bakwai yana kwamishinan tarayya. Yaƙin da wani ke tinƙaho da shi a Yamma, shi ake la'antarsa da shi a Gabas. Na huɗun ne kaɗai manomi da makiyayi za su iya aunawa da kansu ba tare da jiran mai lasifika ba: abin da ɗan takara ya mallaka kafin a ba shi amanar kuɗin jama'a, abin da ya fita da shi, da kuma abin da ya canza a aljihun talaka da makarantar 'ya'yansa da asibitin garinsu a tsakanin haka. Muna kira ga jama'a, musamman mazauna karkara da masu riƙe da muƙamai a ƙananan hukumomi, da su riƙe wannan ma'auni a duk lokacin da muhawarar 'yan takara ta tashi, su kuma yi ta cikin mutunci da girmama juna.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronSa da zaman lafiya mai ɗorewa, amin.